Malam Shu'aibu da Bobin Marar Ɗigon Fenti

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, 9 ga Maris 1999, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Shu'aibu mai gyaran wutar mota a gidansa na Yelwa, nan Garwa. Ya rasu yana da shekara sittin da ɗaya, bayan jinyar mako biyu.

Malam, na ga shugabannin ƙungiyar direbobin tasha a sahun gaba wajen jana'izarka. Na ji ɗayansu yana cewa Garwa ta yi rashin gwani. Gaskiya ya faɗa, sai dai shi ne ya tsaya a tsakiyar tasha shekara uku da suka wuce ya hana kowane direba kawo maka mota.

Bari in yi wa wanda bai san aikinka ba bayani. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa a 1994, sabon kayan mota ya fi ƙarfin masu tsofaffin Fijo 504 da ke jigilar mutane zuwa Pitowa da Marwa. Sai kowa ya koma kasuwar tsofaffin kaya. A sayo bobin, wato tukunyar da ke ba buji (fulogi) wuta, na wani kamfani, a sayo modil, ƙaramin akwatin da ke sarrafa wutar, na wani kamfanin daban, a haɗa. Da safe mota ta tashi lafiya lau. Da injin ya ɗau zafi sai ta mutu a hanya, ta huce, ta sake tashi. Makanikai su canza buji, su wanke kafireto, wasu ma su ce sammu ne.

Kai ba ka duba mota da sanyin inji. Shiga kake yi gaban mota, ka ce wa direba ya kama hanyar Pitowa. In ta mutu, ka jiƙa tsumma ka ɗora wa modil. In ta tashi nan take, ka san inda ciwon yake. Daga nan ka auna bobin, ka nemo wanda ƙarfinsa ya dace da modil ɗin, ka ɗiga wa kowannensu rawayan fenti. Na sha jin kana ce wa direbobi, “Na ɗaura musu aure. Wanda ya raba su, kada ya ce ni ne waliyyi.” Tsohuwar motata ta shekara huɗu da ɗigonka, ba ta taɓa ajiye ni a hanya ba. Madam Lucienne, ungozomar Pitowa, ta gaya mini ka bi ta har can sau biyu cikin zafin Afrilu don kawai ka tabbatar tata ta daina mutuwa.

A Afrilun 1996 wata mota ta taso daga Marwa ɗauke da Hawa'u, wata baiwar Allah marar lafiya da za a kai asibiti a Garwa. Motar ta mutu da tsakar rana kafin Pitowa, ta ƙi tashi, matar ta cika a cikinta. Motar ta Alhaji Jafaru ce, mai motoci takwas a tashar, kuma kowa ya san kai ka gyara wutarta. Kafin kwana uku ƙungiya ta yanke hukunci cewa laifinka ne.

Ka je gabansu ka ce, “Ranku ya daɗe, ku buɗe bonet kawai. In da ɗigona a kan bobin, na amsa laifi.” Ba wanda ya tashi daga kujerarsa.

Ni na buɗe. Direban motar, Salmanu, shi ya kai ni. Modil yana da ɗigonsa, ya ƙone. Bobin kuwa sabo ne ƙal, ba ɗigo. Salmanu ya ce Alhaji ne ya ga na Malam ya tsufa, ya sa aka cire shi aka saka wannan mai ƙyalli, mako guda kafin tafiyar. Na rubuta labarin, jaridar da nake wa aiki a lokacin ba ta buga ba, ni ma ban matsa ba. Wannan laifina ne, kuma ina neman gafararka.

Shekara uku kana zaune a inuwar garejinka kana gyara fitilun babura. Motoci na mutuwa tsakanin Garwa da Pitowa, direbobi na wuce ƙofarka kawunansu a sunkuye. 'Yarka Ummuhani ta gaya mini har a kasuwa an nuna ta, an ce ga 'yar wanda ya kashe mace a mota. Wannan sunan aka bar wa iyalinka.

Saboda haka ga buƙatata ga ƙungiya. Bobin ɗin nan yana hannuna, Salmanu yana raye, kuma ya yarda zai yi magana. Kafin sadakar arba'in, ku tsaya a daidai wurin da kuka ɓata sunan Malam Shu'aibu, da lasifikar da kuka yi shelar, ku ce ba shi da laifi. Buhun shinkafar da kuka aika gidan makoki bai isa ba.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya jiƙan Hawa'u. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Iyatu, da Ummuhani da Fati, da dukan dangi. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya kuma nuna muku ranar da za a wanke sunansa kuna ji da kunnuwanku. Amin.