Gidaje Goma Sha Ɗaya na Vern Klassen

Shekara ashirin da biyu Vern Klassen yana tuƙa motar share dusar ƙanƙara a ɗan garinmu da ke lardin Manitoba, ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Ɗan baffana ne, kuma a shagona yake shan kofi, don haka na san abin da nake faɗa. Mutum ne marar surutu, amma akwai riƙo.

In motar ta wuce, dole ta bar ɗan tudun ƙanƙara a ƙofar kowane gida. Kowa ya saba, sai ya ɗauki shebur ya kwashe. Bara sai ga wani ya ɓullo a shafin garin na intanet da sunan bogi, wai shi Mai Biyan Haraji. Duk ranar ƙanƙara sai ya zagi Vern: mashayi, makaho, jaki. Har hoton matarsa Doreen ya sa, ya ce ta fi motar faɗi. Mutum arba'in suka danna alamar dariya, rabinsu ni nake zuba wa kofi. Tun daga ranar na daina yarda da murmushin kowa.

Sau uku Vern yana buga zagin a takarda yana kai wa ɗan sanda.

"Ya ce zai taɓa lafiyarka?" in ji ɗan sandan.

"A'a."

"To Vern, zagi ba daɗi, amma ni ban ga abin kamawa ba. Kashe wayar mana ka huta."

"In huta? Matata fa ta daina zuwa coci!"

Sai Vern ya fito da tasa dabarar. Ya rubuta gidaje goma sha ɗaya da yake zargi. Duk ranar ƙanƙara ya zaɓi ɗaya, ya tara masa tudu har ƙugu, ya koma ya tsare waya da ido. In Mai Biyan Haraji ya yi kukan an toshe masa ƙofa, asiri ya tonu.

"Kai Vern, kanka ɗaya kuwa?" na ce masa.

"Ke dai zuba kofi, Lorna. Ke ma ban wanke ki ba tukuna."

Ina jin wasa yake, amma har yau ban tabbata ba.

Gida na bakwai na Elmer Toews ne, tsohon malamin makaranta. Laifinsa kawai ya iya rubutu, kuma ba ya gaisuwa. Abin da Vern bai sani ba, ranar ce za a yi wa matar Elmer wankin ƙoda. Tsoho ɗan shekara saba'in da takwas ya fito da shebur, ya yi ta fama har ya zube a kan tudun. Maƙwabta suka kai su asibiti su biyun. Sun rayu, amma Elmer bai ƙara tafiya ba sai da sanda.

Ɗan sandan nan da bai ga abin kamawa ba, shi ya zo da kansa, ya tsinci jerin gidajen a cikin motar. Aka kori Vern daga aiki, yanzu ranar kotu yake jira. Haushi nake ji sosai, na kuma rasa wanda zan ɗora wa.

Jiya ya shigo shago, duk ya rame, ya zauna kusa da ni.

"Ranar da na toshe wa Elmer ƙofa na duba shafin," ya ce a hankali. "Mai Biyan Haraji bai rubuta komai ba. Ba Elmer ba ne."

Na ɗauka kuka zai yi, har na miƙa hannu zan dafa shi. Sai ya juya yana bin masu shan kofi da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Saura gida huɗu," ya ce.