Guguwa da Magajinta

Har yau ban manta da ranar da Wakilin Daji ya iso Falgore da ɗan kwikwiyo cikin kwando ba. A shekarun hamsin ne, kafin mulkin kai, ina ƙaramin malamin daji a ƙarƙashin En'e. Aikina zagaya iyakar gandun daji, da kula da lambun da muke renon itatuwa kafin a dasa su. Wakili kuwa shi ne shugabanmu, daga Kano yake zuwa rangadi.

Muna da tsohuwar karya a lambun, sunanta Guguwa, wani maharbi ne ya bar mana ita. Ita ke hana zomaye da gafiyoyi yi mana ɓarna. Halinta ɗaya ne: duk abin da bai kai ta girma ba, in ya ruga a gabanta, to ya mutu. Kaji ma sai da muka daina kiwo.

Wakili ya ce, "Malam Habu, karyar nan ta tsufa. Ga magajinta, ka haɗa su ya koyi aiki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, zomo za ta ɗauke shi."

Ya ce, "Za su saba. In kuwa ta kashe shi, a harbe ta." Ya wuce Tudun Wada.

Damina ce, lokacin dashe, ga shi ba mu da isassun hannuwa. Ni da Baba Isiyaku, tsohon leburan da ke ban ruwa, muka kewaye wa kwikwiyon wuri da zana. Kullum sai mu musanya buhunan da suke kwana a kai, don kowa ya saba da warin ɗan'uwansa. Ita ake fara ba abinci. Da yamma, bayan na dawo daga iyaka ƙafafuna sun kumbura, in ɗaura mata igiya, Baba Isiyaku ya riƙe shi daga nesa, mu zaga lambun. Duk tafiyar idonta na kansa, jikinta na rawa.

Wata rana da azahar, ina alwala, kwikwiyon ya tona ƙarƙashin zana ya fito da gudu. Guguwa ta fizge turken da aka ɗaure ta a jiki, ta cafke shi. Na yar da buta na bi su, na faɗa kanta cikin taɓo, na danne mata wuya har ta sake shi. Ya tsira, amma da rabin kunne.

Baba Isiyaku ya ce, "Malam, mu ba Fulani shi mu huta. Ka dubi yadda ka rame."

Na ce, "Baba, in Wakili ya tambaya fa? Zai ce ta kashe shi, ita za a harbe."

Haka muka koma farko: zana, buhu, igiya, har damina ta ƙare. Ya yi tsawon ƙafa, muryarsa ta buɗe. Wata safiya ya wuce ta da gudu, ta ɗaga kai ta dube shi, ta mayar ta kwantar. Ba son sa ta yi ba, ta dai daina ganin sa nama.

Da kaka aka zo rangadi, sai ga sabon Wakili, an canja wa na da wurin aiki. Ya dubi karnukan ya ce, "Wa ya ce a ajiye biyu? A rage ɗaya."

Ban tsaya bayani ba, na gaji. Na ja Guguwa na kai ta gidana, can ta mutu da sanyin shekarar.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani: mai ba da umarni yana wucewa, wani ya zo da nasa. Amma abin da aka danƙa maka mai rai, dabba ko itace, a hannunka yake kwana, kuma kai kaɗai za ka san abin da ya ci maka.