Farfelar da Lawali ya cire ya ba ni

Jiya da la'asar wani ya tare ni a kasuwar Tasawa, wai Lawali na Urafan ya rasu. Ban yarda ba. An taɓa kashe shi da baki har sau biyu, kuma duka biyun shi ya zo da ƙafarsa ya yi mini gaisuwar kansa.

Yau da safe labari ya tabbata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaran yanzu sun san shi da gyaran injin niƙa. Ni a kan ruwa na san shi.

Shekarar babban fari ce, zamanin soja. Gero bai kai gwiwa ba ya ƙone. Na sayar da shanuna biyu na ƙarshe, na bar iyali a Attantane, can ƙasar Mayahi, na bi ƴan cirani zuwa Tafkin Cadi. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tabkin bayan gari ba, na sayi jirgi da tsohon inji. Farfela kuwa, wato fankar da ke tura jirgi a ruwa, na zaɓe ta yadda nake zaɓen bijimi a kasuwa, wadda ta fi cika ido, mai fukafukai a murɗe sosai. Mai sayarwa ya ce ita ce ta gudu. Bai yi ƙarya ba. Da jirgi babu kaya, har hulata ta faɗa ruwa.

A wani tsibiri na yi ta dako har na tara masara buhu tara. Sai wasiƙa ta zo daga gida. An koma cin anza, ɗiyan itacen dajin nan masu ɗaci, kuma ɗiyata Habsu, mai shekara huɗu, ƙafafunta sun fara kumbura.

Ruwa kuma kullum ja da baya yake. Hanyar jirgi guda ta rage zuwa gaɓa, inda kamyon, babbar motar kaya da za ta nufi wajenmu, yake lodi.

Na loda masara, na ja igiya. Inji ya yi nishi, ya yi hayaƙi, ya mutu. Na sake ja. Haka har tafin hannuna ya fashe. Kayan gyara daga Najeriya suke zuwa, iyaka kuwa a rufe, soja a kowane bakin ruwa. Na zauna a kan buhu ina kuka, da gemuna.

Lawali na gefe a nasa jirgin, cike da bandar kifi. Ranar muka fara magana.

“Kai, ɗan ina ne?”

Na ce Mayahi.

“Shi ya sa. Sake tada shi in ji.”

Ya karkata kai yana saurare. Sannan ya shiga ruwa ya shafa farfelar.

“Malam, injinka lahiya lau yake, kai ne mugu. Kowane juyi na farfela taku ɗaya ne. Wagga takun doki gare ta. Kai ko tsohon jaki gare ka, ka labta mishi kaya, ka ce ya yi takun doki. Tsohon inji ƙaramin taku yake so. In yana nishi, murɗi ya yi yawa. In yana ihu, ya yi kaɗan. Wadda za ta sa shi waƙa ake nema.”

Na ce to a ina zan samu?

Ya koma ya kwance tasa, ya ɗaura mini, don injinanmu iri ɗaya ne. Na ja igiya. Wallahi inji ya yi waƙa.

Na ce kai fa? Ya ce tawa ba za ta ja kifinsa ba, zai jira in dawo mishi da ita.

Na kai gaɓa, na samu kamyon, na haɗa masara da mutumin garinmu. Kwana uku kafin in juyo, hanya ta zama laka. A ƙafa na koma, farfela a hannu, ina taka inda na bi da jirgi.

Na tarar da shi zaune cikin jirginsa a kan busasshiyar ƙasa. Kifi rabi ya lalace. Na kasa kallonsa.

“Masara ta tahi?”

Na ce ta tafi.

“To mi kake ɓata rai?”

Jirgin nan bai sake ganin ruwa ba. Daga baya na gane ya san ruwan ya fi ni, ya san ba zan dawo a kan lokaci ba. Bai taɓa ambata maganar ba, ko ranar da muka yi faɗa.

Ganinmu na ƙarshe bayan Sallah ne. Na taho da sauri da sandata ina haki, ya ce, “Rage taku, tsohon inji, nishinka nike ji tun daga bakin titi.” Muka yi dariya har ya yi tari. Da na sani da na kwana biyu a wurinsa.

Allah Ya jiƙan Lawali, Ya yafe masa, Ya ciyar da shi kamar yadda ya ciyar da gidana. Don Allah duk wanda ya karanta ya tsaya ya yi masa addu'a, kar ku danna ku wuce.

Mutum huɗu suka faɗa mini ina musu. Wadda ta faɗa ta ƙarshe, na yarda, ɗiyata Habsu ce. Matar ɗan Lawali ce yau shekaru da yawa, ita ta ba shi ruwansa na ƙarshe. Ta ce, “Baba, tun jiya tarho yana hannuna, na kasa kiranka.”