Zanen Inna a Ƙarƙashin Hijabi

Da safen nan Inna guga take yi. Mahaifiyata ce, ta haura saba'in, kuma ba abin da take ji da shi kamar zanen zumuntar mata na cocinmu, shuɗi mai hoton gicciye. Ba ta yarda kowa ya goge mata shi. Maganarta kullum ɗaya ce: da shi za a binne ta, kusa da kabarin Baba, mata na waƙa. Nakan tsokane ta in ce ai Allah ba da zane zai gane ta ba. Sai ta ce ta sani, ita dai ba za ta je gabansa a yamutse ba.

Da hantsi muka ji ihu daga nesa. Ba mu kula ba, unguwarmu Takur a garin Dutse ba ta rabo da hayaniya. Kafin azahar hayaƙi ya turnuƙe ta inda cocinmu yake. Sai ƙarar fasa gilashi. Sai ƙarar kwanon rufi yana zubewa. Sai gudu.

Maƙwabciyarmu Hajiya Asabe ta banko ƙofa ba sallama, ta jefo mana hijabi biyu. "Ku sa! Ku bi ta baya!" Inna ta shige ɗaki ta ɓata lokaci, har sai da na daka mata tsawa.

Muka bi ta bayan duwatsu, muka faɗa gonaki. Ban ji tsoro ba. Ban ji komai ba, ƙafafuna dai suna ta tafiya. Inna tana da hawan jini, maganinta kuma mun baro shi a kan taga. Wani mai amalanken shanu ya ɗauke mu, bai tambaye mu komai ba. Ya kai mu ƙauyensu, ya miƙa mu ga mahaifiyarsa da suke kira Goggo. Ta dama mana fura. Na ce mata sunana Amina. Sunana Rahila.

Inna ta kurɓa sau biyu, ta jingina da rumbu, ta ce bari ta huta. Ana kiran la'asar na taɓa ta. Rai ya riga ya yi halinsa.

Mutanen nan sun ɗauka mu Musulmi ne. Maza suka nufi maƙabarta da diga, aka aika a kira liman, aka kawo likkafani. Na san in na yi shiru za a sallace ta, a binne ta, ni kuma in tsira. In na buɗe baki, ban san abin da zai biyo baya ba. Na yi shiru.

Goggo ta ɗaga hijabin za ta yi mata wanka. Sai ga zanen ɗaure a kan cikin Inna, a linke, ko karin gugar bai ɓaci ba. Abin da ya tsayar da ita a ɗaki ke nan. Gicciyen yana daga sama. Goggo ta dube shi, ta dube ni. Sannan ta ce, "'Yar nan, ku yaya kuke yi wa naku?"

Ta fita wurin maza. Na ji murya ta tashi, na ji ta kwanta. Liman ya juya. Ɗan Goggo ya saɓa diga ya tafi bakin gonarsa. Ni da Goggo muka ɗaura wa Inna zanenta.

Ba akwati, ba fasto, ni kaɗai ce mace a bakin kabarin. Da mazan suka kwantar da ita suka ja da baya, suna jirana. Waƙoƙin da nake rerawa tun ina yarinya, ko ɗaya ba ta zo bakina ba. Na ce, "Yesu, ga ta nan. Ranar tashin matattu kada ka manta da bakin gonar nan." Ɗan Goggo ya ce amin. Suka tura ƙasa kafin magariba.

Na gaskata za ta tashi. Wata rana ina jin haka a raina, wata rana faɗa kawai nake yi. Gidanmu ya ƙone. Kabarin Baba yana Dutse, gefensa ba kowa. Ɗan Goggo yana shuka gero duk damina, yana tsallake wurin. Zanen dai ta samu. Waƙar ce har yau ban yi mata ba.