Mutum-mutumin da Ya Kai wa Kawu Tuwo

Shekarar korona kawuna ya dawo Malumfashi daga Kano da tarin da in ya yi shi, kajin maƙwabta sai sun watse. Malamin asibiti ya ce a keɓe shi a ɗaki sati biyu. Inna, matarsa, sai ta riƙa ajiye kwano a bakin ƙofa ta ja da baya.

Kawu ya ce, "Ni kare ne da za a dire min abinci a ƙasa? Ku cinye kayanku."

Kwana biyu ko loma bai kai baki ba. Dama can siriri ne kamar karan dawa, Inna har ta fara share hawaye.

Muna tsakar gida rediyo ya ce a ƙasar Sin mutum-mutumi ke kai wa masu korona abinci har bakin gado. Inna ta saki muciya.

"Mutum-mutumi? Ai muna da shi a gonarmu ta garin Ƙarfi! Rani ne, ba tsuntsun da yake kora, zaman banza yake."

Na san na rediyon inji ne, na gan shi a waya, amma na ce, "Inna, ai shi ne. Nasu da takalmi kawai ya fi namu."

Na goyo shi a babur, 'yan tasha suna ta yi wa fasinjana sannu da hanya. Na ɗaure shi a baro, na ɗora masa tire da tuwon masara da miyar kuka, na turo da doguwar gora ina laɓe bayan katanga. Na maƙale murya.

"Salamu alaikum, Alhaji. Daga Sin aka aiko ni."

Can sai na ji, "Kai, ɗan nema! Wannan ba rigata ba ce da na shekara ina cigiya?"

"Kyauta aka ba ni, Alhaji."

Dariya ta ƙwace masa, tari ya biyo baya, na ce yau rufin ɗakin nan sai Funtuwa. Da ya lafa sai na ji ƙarar murfin kwano.

"Ku gani, ya yi sallama, ya shigo har ciki. Ya fi ku tarbiyya. A ce masa ya ƙaro miya."

Inna ta ruga madafi tana cewa, "Allah ya yi wa Sinawa albarka!"

Kullum sau uku mutum-mutumin ke kai abinci har Kawu ya warke. Da damina ta faɗi na zo mayar da shi gona, Kawu ya hana.

"Ma'aikacin lafiya ne. Kai ka je ka tsaya wa tsuntsayen."