Eriyar da Na Ɗaura a Zauren Malam Isiyaku

Cikin ranakun aikina akwai wata Laraba ta watan azumi da har yau ba ta bar zuciyata ba, kuma duk sabon ma'aikacin da aka haɗa ni da shi sai na ba shi labarinta kafin in bar shi ya taɓa kayan kowa. A lokacin ina aiki da wani ƙaramin kamfani a Kano mai haɗa kayan sauti a masallatai da makarantu. Injiniya Bala shi ne shugaban sashe, mu manyan ma'aikata muna ƙarƙashinsa, kowa da yankinsa. Ni da yake ɗan Gaya ne, sai aka ba ni Gaya da Ajingi.

Ana saura kwana biyu azumi, kwamitin wani masallaci a wani ƙauye kusa da Toranke suka aiko mana. Malaminsu, Malam Isiyaku, ya haura shekara talatin yana yi musu tafsiri bayan la'asar, amma a shekarar ciwon ƙafa ya zaunar da shi, ko ƙofar gida da ƙyar yake kaiwa. Suna so ya yi tafsirin daga zaurensa, muryarsa ta fita a lasifikar masallaci. In hakan bai yiwu ba, sai dai a ɗauko wani malamin daga waje. Malam kuwa aminin mahaifina ne, shi ya karɓa mini aure, don haka na ɗauki aikin tamkar na gidanmu.

Na'urar da muke amfani da ita guda biyu ce a haɗe. Ɗaya tana ɗaukar murya daga makirfo ta aika a iska, ɗayar tana karɓa ta miƙa wa amfilifaya, wadda ke tura muryar zuwa lasifika. Mai aikawar ba ta fi akwatin ashana biyu ba, kuma a zangon da rediyon gida ke kamawa take aiki. Abin da ya sa hukuma ta yarda a yi amfani da ita ba tare da lasisin gidan rediyo ba shi ne ƙarfinta kaɗan ne, ba ta wuce 'yan gidaje. Sharaɗin a rubuce yake a takardarta: kada a canja eriyar da ta zo da ita, kada a ƙara mata ƙarfi, kada a ɓare tambarin amincewar da ke jikinta. In an gama haɗawa, ma'aikaci zai sa hannu a takardar kammala aiki cewa haka ya bar ta.

Da na gwada, sai na tarar gidan Malam ya ɗan fi ƙarfinta. Murya na zuwa tana yankewa. Na san gyaran da ya dace: a matso da mai karɓar kusa da gidan, a ja waya daga nan zuwa masallaci. To amma wayar tana Kano, sai na je na dawo, ga shi gobe ake duban wata. Shugaban kwamiti, Alhaji Sule, ya dube ni ya ce, "Haba Auwalu, kai da ake cewa babu kamarka a Gaya? Ɗan wannan nisan ne zai gagare ka?"

Ni kuwa a lokacin zuga tana kama ni. Na cire 'yar eriyar, na haɗa doguwa, na ɗaure ta a kan gora a saman zaure, na liƙa wani abin ƙara ƙarfi da ke cikin jakata. Murya ta fito tas. Na ɗauko takarda na sa hannu cewa ban canja komai ba, ina ce wa kaina bayan salla zan gyara.

Kwana biyu da fara tafsiri mata suka gano suna kama Malam a rediyon gida, har a ƙauyukan maƙwabta. Murna ba a magana. In na shiga kasuwar Ajingi sai a riƙa nuna ni, ana sa mini albarka, ni kuma ina ta wani ƙanƙan da kai na ƙarya.

Akwai wata al'ada a zauren Malam wadda na sani sarai, amma ban sa ta a lissafi ba. In an shafa addu'ar rufe tafsiri, ladan zai kashe amfilifaya a masallaci, sannan masu tambayar da ba a yi a bainar jama'a su riƙa shiga zaure ɗaya bayan ɗaya, su durƙusa kusa da Malam su sassauta murya. Makirfon kuwa a maƙale yake a wuyan rigarsa. Alaramma mai jan baƙi kaɗai na nuna wa inda ake kashe mai aikawar, kuma a ranar Larabar ya tashi da gaggawa zuwa wata jana'iza. Sauran mutane a ganinsu tunda lasifika ta yi shiru, komai ya mutu.

Ni a lokacin ina Toranke wurin mai faci, tayar babur ɗina ta yi faci, mutum biyar ko shida suna zaune ana jin tafsirin a rediyo. Aka shafa, amma rediyon bai yi shiru ba. Muka ji sallama, muka ji Malam ya ce, "Habu, matso." Sai muryar wani magidanci, ƙasa-ƙasa: "Allah gafarta Malam, shekaranjiya ina sharar gona rana ta buge ni, na ga jiri, na sha ruwa. Ko iyalina ban gaya wa ba. Mene ne a kaina?"

Wani a wurin ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Kai, wannan ai Habu ne na bayan makaranta!" Na miƙa hannu na kashe rediyon mai faci, amma wannan guda ɗaya ce cikin rediyoyin da ban san adadinsu ba. Na kira Alhaji Sule, wayarsa ba ta shiga. Ana gama facin na hau babur na nufi gidan Malam.

Da na isa, labari ya riga ni. Malam ya cire makirfon ya ajiye a gefen buzu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Auwalu, mutum ya kawo mini amanarsa, ka raba ta gida-gida. Ɗauke abinka. Gara a kawo wani malamin."

Washegari da sassafe na tafi Kano na gaya wa Injiniya Bala komai, har da sa hannun ƙarya. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ka san daga ranar da ka ɗaga gorar nan gidan rediyo ka buɗe ba lasisi? Da ka hau kan zangon wata tasha, da kayanmu da izininmu duk sun tafi. Kai kana ganin don a takura mana aka ce ƙarfinta kada ya wuce 'yan gidaje?" Ya ba ni takardar gargaɗi, wadda ita kaɗai na taɓa karɓa a aikina, ya ba ni wayar da za a ja zuwa masallaci, ya ce in koma in gyara da hannuna.

Na sauke gora, na mayar da eriyar asali, na ɗora mai karɓar a katangar wani maƙwabci, na ja waya har masallaci. Aikin da na guje wa bai ci mini wuni ɗaya ba. Na zaga da rediyo a hannu tare da Alhaji Sule har muka tabbatar daga lungu na biyu ba a kama komai. Sai da aka yi kwana biyu ana ba Malam baki kafin ya yarda, bisa sharaɗin da an shafa a zare batirin mai aikawar a ajiye a kan tabarma inda mai shigowa zai gani. Tafsiri ya ci gaba har aka rufe. Matan da suka saba ji a gida ba su ji daɗi ba, wasu har aike suka yi mini.

Habu kuwa ya daina zuwa sahun gaba, don an fara tsokanarsa a majalisa. Na same shi a gona na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya jingina fartanyarsa ya ce, "Na yafe maka, Malam Auwalu. Malam ya ce larura ce, ramuwa kawai zan yi. Amma wannan ɓangaren wasu ba su tsaya sun ji ba, dariya ta hana su. Za ka iya komawa cikin rediyon ka gaya musu?"

Ya ɗauki fartanyarsa ya ci gaba da aikinsa.

A da ina ɗaukar ƙa'idar nan a matsayin takardar da ake cikewa don hukuma, kuma ina auna gwanintar ma'aikaci da nisan da ya iya kai murya. Tun daga ranar, in na je haɗa kaya, kafin in tambayi inda ake so murya ta kai, nakan fara tambayar wa ke zama kusa da makirfon in taro ya watse.