Ba Santsi Ne Ya Kayar da Inna Magajiya Ba

Wanda ya ba mu aron Inna Magajiya ya karɓi abinsa da hantsin ranar Alhamis, 15 ga Agusta, 1957, a asibiti nan Kaduna, bayan kwana goma sha ɗaya tana jinyar ƙuna. Gare Shi dukkanmu za mu koma. Ni ne Sama'ila tela na Unguwar Shanu. Ban saba rubutu ba, ajin yaƙi da jahilci kawai na yi, amma wannan takarda ba mai rubuta ta sai ni, domin da hannuna na tura ta cikin tafasasshen ruwa.

Inna, daga Kawo har Unguwar Sarki ba gidan da bai san ƙwaryar maganinki ba. Ke ce mai jiƙa wa mai jego sabara, mai dafa ɓawon marke don tarin yara, mai tilasta wa masu ciki cin zogale ko suna so ko ba sa so. Ba ki da sanyin hali, wannan kam kowa ya shaida. Na ga ranar da kika kori wani wanzami da muciya har bakin titi, jini na zuba a goshinsa, don ya zaro aska zai yi wa mai naƙuda yankan gishiri. Na ga kin kwaɗa wa wani ƙato mari saboda ya bar matarsa tana daka da cikin wata tara. Amma da ɗana na fari ya yi gudawa har idonsa ya faɗa, ke kika yini da shi a cinya kina ɗiga masa ruwan dafaffen gero har ya farfaɗo. In ciwo ya fi ƙarfinki kuwa ba kya ɓoyewa, sai ki ce, "Wannan na likita ne, ku ɗauke shi."

Matata Mariya ta haihu, tana kwana ashirin da fara wanka. Tsohuwata ta zo daga ƙauye tana yi mata yadda aka yi wa kowa: ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, da kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Sai Mariya ta fara kumbura. Ƙafa ta yi kamar turmi, in ta kwanta numfashi ya ɗauke, sai a zaune take iya runtsawa. Tsohuwa ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Kika zo kika duba, kika ce kanwar da zafin ne ke kashe ta, a daina daga yau. Aka ce miki to. Ba a daina ba.

Ranar Lahadi da safe kika dawo kika tarar da tukunya na tafasa a tsakar gida. Ina zaure zan tafi kasuwa na ji hayaniya. Ko da na shigo, kin maka ƙwaryar kunun da bango ta tarwatse, kina zare itace daga murhu kina watsarwa, tsohuwata ta riƙe miki zane tana ihu. Kika fizge, ta faɗi zaune. Ta dube ni ta ce, "Sama'ila, kana tsaye ake dukan uwarka?" Wallahi ba ki dake ta ba. Amma zuciya ta ɗebe ni, na sa hannu biyu na ingiza ki da iyakar ƙarfina.

Kika faɗa kan murhu, tukunyar ta kife a kanki, daga ƙirji har cinya. Ƙarar da kika yi har yau tana kunnena. Da mata suka cire miki zane, fata ta biyo shi. Kina birgima a ƙasa, tururi na tashi daga jikinki, amma abin da kike faɗa shi ne, "Ku fito da yarinyar nan daga ɗakin wuta, 'yan banza! Ku fito da ita!" Mota ɗaya ta kai ku asibiti ke da Mariya.

Ɗan doka ya zo asibiti tambaya, ina tsaye a wurin. Kika ce masa, "An yi ruwa, santsi ne ya kwashe ni." Kika harare ni, ni kuma matsoracin banza na ja bakina. Kullum nakan zo da niyyar neman gafara, kullum kafin in buɗe baki sai ki ce, "Mariya ta iya kwanciya?" Ranar Laraba na gaya miki ta kwanta ta yi barci, kumburi ya sauka. Kika ce, "To, madalla. Tashi ka ba ni wuri." Na ce a raina gobe zan roƙe ki. Goben na tarar an ja miki mayafi har kai.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Allah ya sanyaya miki kabari, ya sa wutar da kika sha a gidana ita ce ta ƙarshe. Ya saka miki da Aljanna saboda matan da kika tsamo da 'ya'yan da kika raya.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanta, Malam Haruna da Rabe, da jikoki da dangi baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri. Ranar uku na zo gaisuwa, kuka riƙe hannuna kuna gode mini da zirga-zirgar asibiti, na kuwa amsa. Yanzu kun ji gaskiya. Uwarku ta rufa mini asiri, amma ba ta ce ta yafe ba, don ban tambaya ba. Hakkin jininta yana hannunku. In gaban alƙali kuke so, zan riga ku zuwa. Ina gida, ba inda zan tafi.